Daga Zango Zuwa Bakin Teku: Tafiyar Wuni Guda



Akwai wata Hajiya a layinmu a Nima mai sayar da shinkafa da wake, abincin nan da mutanen ƙasar nan suka ari sunansa daga bakinmu suke kiransa waakye. Ta haura shekara talatin a Accra, garin da iyayenmu ke kira Ankara. Nan ta yi aure, nan ta haifi 'ya'yanta, nan ta aurar da su. Kwanan baya ina tsaye tana zuba mini, sai hira ta biyo ta kan teku, ta ce da ni, "Malam, ni fa ban taɓa taka ruwan nan da ƙafata ba. Ta tagar mota nake hango shi in za ni Tema." Daga inda take zaune da tukunyarta zuwa bakin ruwan Osu ko Labadi, ko da cunkoso, bai fi tafiyar awa guda a trotro ba. Na ce, "Hajiya, me ya hana?" Ta dube ni ta ce, "In je in yi me? Wa ya mutu a can?"

Tambayar nan tata ce ta sa na ɗauko wannan batu yau, domin ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Mu mutanen zango muna tafiya, har ma mun fi kowa tafiya. Amma duba dalilanmu: ta'aziyya, ɗaurin aure, suna, dubiya, saro kaya. Mutum zai kwana a mota zuwa Bawku ko Yendi don jana'iza, kuma ya kyauta. To amma ya ce yau zai rufe shago, ya ɗebi iyalinsa su je su ga gari su dawo kafin isha'i, sai a ce ya fita yawon banza, ko a ce aikin Turawa ne da 'yan boko. Ni kuwa ina ganin wannan kuskure ne, kuma kuskuren da yaranmu ke biyan kuɗinsa.

Mu tuna ko su wane ne mu. Kakanninmu fatake ne. Daga Kano da Katsina da Sakkwato ayari kan taso, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu a gaba, a ratsa ƙasar Borgu a yi wata da watanni kafin a iso Salaga, a sayi goro a juya. Wannan shi ne fataucin Gonja da muke ji a bakin tsofaffi. Ita kanta kalmar zango, ai inda ayari ke sauka ya kwana ke nan, gari ya waye a ɗaura kaya. Jikokin waɗannan mutane ne yau suke tashi, su girma, su tsufa tsakanin Nima da Mamobi da kasuwar Makola, ba su san abin da ke bayan Kasoa ba. Alhali kuwa Accra gari ne da Allah ya ajiye shi a wuri mai daɗin fita: teku a kudu, duwatsun Akuapem a arewa, bakin kogin Volta a gabas, garuruwan Fante a yamma, kuma dukansu ana zuwa a dawo a wuni ɗaya.

Bari mu ɗauki hanyar yamma tukuna, don ita ce ta fi tsawo kuma ta fi nauyi.

Sirrin wannan tafiya sammako ne. Ana sallame sallar asuba a kama hanyar tashar Kaneshie, inda motocin Cape Coast da Takoradi ke lodi. A ƙasar nan rana ba ta jira. Kusan duk shekara ƙarfe shida na yamma ta faɗi, saboda haka wanda ya bar gida da hantsi ya riga ya zubar da rabin wuninsa. Ranar Asabar kuma a ƙara sammako, domin ita ce ranar bukukuwan jana'iza a kudancin Ghana, hanya kan cika da motoci ɗauke da mutane cikin baƙaƙe da jajayen kaya. Gari na farko da za ka ratsa shi ne Kasoa, kuma ka faɗa wa yaron da ke zaune kusa da kai cewa sunan nan namu ne. Kasuwa ce. 'Yan arewa ne suka riƙa cin kasuwa a wurin har sunan ya bi garin, ya danne sunansa na asali. Yaro ya ji wannan, tun bai yi nisa da gida ba ya fara gane cewa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa.

Bayan Kasoa gine-gine sun fara janyewa. Mahaɗar Winneba, mahaɗar Apam, sai Mankessim da babbar kasuwarta. A yankin Ekumfi za ka ga abarba jibge a bakin titi, irin doguwar nan mai farin ciki, zaƙinta kamar an zuba sukari. Sai Saltpond, ƙaramin gari ne a ido, amma nan aka kafa jam'iyyar UGCC a 1947, wadda ta gayyato Kwame Nkrumah ya dawo gida. Jim kaɗan hanya ta karkato ta kusanci ruwa, sai ka ga teku ta buɗe ta hagunka, kwakwa jere, kwalekwale a kan rairayi, ga tsohon sansanin Turawa a kan tudu a Abandze. A daidai nan ne hayaniyar cikin mota kan yanke. A Yamoransa kuma mata ne za su yanyame tagar da dokono irin na Fante, nannaɗe da busasshen ganyen ayaba. Saya ka ajiye, yana kwanaki bai lalace ba.

Daga Accra zuwa Cape Coast wajen kilomita 150 ne, awa uku in hanya ta yi kyau. Ga mai tunanin sallarsa, wannan nisa ya wuce mil 48 da malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka sa a matsayin tafiyar ƙasaru, kuma manyan garuruwan da za ka ratsa a hanyar nan suna da zango da masallaci. Ka nemi zangon Cape Coast ko na Elmina ka yi azahar a can, za ka ji Hausa a bakin mutanen da kakanninsu suka sauka nan tun kafin a haifi kakanka.

In ka ji shawarata, wuce Cape Coast ka fara da Elmina, tafiyar minti ashirin ce gaba. Ka tsaya a kan gadar da ta haye tafkin Benya, inda ruwansa ke haɗuwa da teku, ka duba ƙasa. Jiragen masunta ne maƙil, gefe na gugar gefe, har ruwan ba ya ganuwa. Kowane jirgi gindinsa itace ɗaya ne aka fafe, sannan aka ɗora katako aka ƙara masa tsayi, aka shafe shi da fenti ja da rawaya da shuɗi, aka rubuta masa suna ko addu'a, aka kafa masa tutoci, wata ta ƙasa, wata ta ƙungiyar ƙwallo. Samari tsirara daga ƙugu zuwa sama suna jan taru suna waƙa don hannu ya zo ɗaya. Mata da manyan kwanoni a ka suna shiga ruwa har gwiwa suna tarbar kifi, kuma su ne masu ciniki. Kuɗin wannan sana'a a hannun mata yake juyawa. Can baya hayaƙi na tashi daga murahun banda. Warin kifi da gishiri da man inji zai bi ka har cikin riga. Kifin da ke cikin shiton da kake ci a Nima, ga inda ya fito, ga kuma hannuwan da suka jawo shi. Sai dai kar ka zo ranar Talata in wannan kake son gani, domin a al'adar masuntan gaɓar nan ba a fita teku ran Talata. Rana ce ta ɗinkin taru da gyaran jirgi. In ka zauna da su kuwa za ka ji kuka ɗaya: kifi ya ja baya, ƙananan kifayen nan da talaka ke ci sun yi ƙaranci, manyan jiragen kamfanoni suna kwashe har 'ya'yan. Tsadar kifi da uwargida ke ƙorafi a kanta a Accra, a nan za ka ga tushenta.

Daga gadar, ɗaga kai kawai za ka yi ka ga farin ginin nan, tsohon sansanin Turawa na Elmina. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, shekara goma kafin Kolumbus ya isa Amurka. Zinariya ce ta fara kawo su. Daga baya ɗakunan da aka gina don ajiyar kaya suka koma ɗakunan ajiyar mutane. 'Yan Holan suka ƙwace shi a 1637, suka riƙe shi sama da shekara ɗari biyu, sannan ya koma hannun Ingila a 1872. Shi da takwaransa na Cape Coast da sauran sansanonin gaɓar Ghana, hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya tun 1979.

Na je wurin da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara goma sha biyu, mai surutu, wanda tun daga Kaneshie bakinsa bai huta ba. Ɗan jagora ya shigar da mu kurkukun mata. Ɗaki ne na dutse, ba taga sai wata 'yar kafa can sama, iska ba ta motsi, kuma akwai wani wari mai nauyi da har yau bai bar bangon ba. Ya fito da mu tsakar gidan, ya nuna mana barandar da gwamna kan tsaya ya duba ƙasa ya zaɓi wadda yake so a kai masa. Ya nuna mana cocin da ke tsakiyar ginin. Sannan ya kai mu wani ɗan ɗaki da ake jefa wanda ya yi tawaye, ya ce mu shiga, ya turo ƙofa. Bai fi ƙiftawa goma ba, amma duhun ya yi kauri har kana jin numfashin na kusa da kai. Sai na ji hannun yaron ya lalubo nawa ya riƙe gam. Da muka isa 'yar siririyar ƙofar nan da ke fuskantar teku, wadda wanda ya fita ta cikinta ba ya dawowa, sai ya ce da ni a hankali, "Kawu, su wa aka sa a nan?"

Jama'a, amsar wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye, kuma ita ce babban dalilin da ya sa nake cewa ɗan zango ya je Elmina. Da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a ɗakunan nan daga arewa aka gangaro da su. A harshen Akan, bawan da aka sayo daga arewa sunansa odonko. In ka bi hanyar Kumasi daga Cape Coast kamar kilomita 40, akwai gari mai suna Assin Manso, da wani rafi da ake kira Donkor Nsuo, wato ruwan bayi. Nan ake tsayawa da su bayan doguwar tafiya a ƙasa, a yi musu wanka na ƙarshe, a shafe su da mai don su yi kyan gani a idon mai saye. A 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum biyu daga zuriyar waɗanda aka tafi da su, ɗaya daga Amurka, ɗaya daga Jamaika, aka sake binne su a garin. Ita kuma Salaga da muke alfahari da ita, kasuwar goro ce, gaskiya, amma kasuwar bayi ce kuma, rijiyoyin da ake shayar da su suna nan har yanzu. Fataken da muke yabo, a cikinsu akwai waɗanda suka sayi mutum suka sayar. Cikin waɗanda aka sayar kuma akwai masu jin Hausa. Ba na faɗin wannan don in zubar da mutuncin kakanni. Ina faɗa ne don yaron nan ya cancanci a gaya masa duka, kuma ya fi kyau ya ji daga bakin kawunsa yana tsaye a wurin.

Akwai kuma wani zaren da ya ɗaure mu da gaɓar nan. A 1863 wani Baturen Ingila mai suna Glover ya kafa runduna a Legas, akasarinta Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo. Irin waɗannan sojoji aka kawo nan lokacin yaƙin Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874, wasunsu ba su koma ba, suka yi aure suka zauna, suna cikin waɗanda suka kafa zangunan garuruwan bakin teku. A wannan gini na Elmina ne kuma Turawa suka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin su fitar da shi daga ƙasar. Baƙi suna ƙetaro teku don su ga wurin nan. Barack Obama ya zo sansanin Cape Coast da iyalinsa a 2009, a 2019 kuma da Ghana ta yi shekarar kiran 'yan Afirka mazauna ƙetare su dawo gida, dubbai sun zo, wasu suna kuka a bakin ƙofar nan. Mu da ke da nisan awa uku, kuma kuɗin shigarmu bai kai nasu ba tunda ɗan ƙasa rangwame ake yi masa, mu ne ba mu zuwa.

Wani zai ce tunda an zo, a haɗa da dajin Kakum. Yana da kyau ƙwarai, kilomita 30 ne arewa da Cape Coast, kuma gadar igiyar nan da aka buɗe a 1995, guda bakwai a jere, tsawonsu sama da mita 300, rataye a saman itatuwa, abin gani ce. Kana tafe tana lilo, ka duba ƙasa ka ga kan bishiyoyi maimakon gindinsu. Amma ni ban goyi bayan a cusa komai a wuni ɗaya ba. Na ga masu yin haka: a sauka, a ɗauki hoto, a koma mota, a sauka, a ɗauki hoto. Su dawo gida da waya cike, ba abin da ya zauna musu a rai. Wanda ya fito daga kurkukun Elmina yana bukatar ya zauna a inuwa ya yi shiru na ɗan lokaci. A bar Kakum sai wani zuwan.

To, ba kowa ke da kuɗin motar Cape Coast ba, kuma ba kowane tsoho ke jure zaman awa shida a mota ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai Aburi, kilomita 30 da 'yan kai. Ka hau mota a Madina, ku wuce Adenta, a Ayi Mensah hanya ta fara hawa dutse tana lanƙwasa. Kafin ku kai Peduase sai ka ji iskar da ke shigowa ta taga ta sauya, ta yi sanyi, ka waiga ka ga Accra shimfiɗe a ƙasa kamar an baza tabarma, hayaƙi da ƙura sun lulluɓe ta. A cikin wannan kake kwana kake tashi, ba ka sani ba sai da ka fito. Lambun Aburi an buɗe shi tun 1890. Akwai jerin dogayen itatuwa a mashigarsa, miƙaƙƙu kamar giginya, akwai wani tsohon rimi da mutum goma ba za su zagaye gindinsa da hannu ba, akwai itatuwan kayan yaji da yaro zai murza ganyensu ya shinshina ya gane abin da ke cikin shayin gidansu. A shimfiɗa tabarma a kan ciyawa, a buɗe kular abinci, yara su yi gudu ba mai tsawata musu don babur. Yaron da ya tashi a lungun da faɗinsa bai wuce kamu shida ba, ka sake shi a fili irin wannan ka ga yadda yake yi da ƙafafunsa.

Gaba kaɗan a Mampong akwai gonar Tetteh Quarshie, maƙerin da ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po ya shuka a 1879. Daga wannan 'yar gona noman koko ya bazu har ya zama ƙashin bayan arzikin ƙasar. A sa a fasa wa yara ƙwallo ɗaya su tsotsi farin da ke jikin 'ya'yan, a kuma gaya musu cewa gonakin kokon kudu da gumin 'yan arewa aka noma su, 'yan ci-rani da suka riƙa gangarowa kowace shekara, wataƙila har da kakansu.

Ta gabas kuma akwai Ada, kamar kilomita 100, inda kogin Volta ke ƙare tafiyarsa. Ka shiga kwalekwale a kai ka wani siririn rairayi, ka tsaya, damanka ruwan kogi kwance lumui, hagunka teku tana ta tumbatsa. Kusa da nan tafkin Songor yake, inda ake ɗibar gishiri tun zamanin da, gishirin da ake lodawa a jirage a haura da shi kogi zuwa Kete Krachi, garin da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Mutanen yankin za su nuna maka cikin ruwa su ce da can gidajensu suke. Teku tana cin gaɓar nan shekara bayan shekara.

Yanzu ga maganar da nake roƙon iyaye su buɗe kunne su ji. Tekun Ghana ba kududdufi ba ce, ba kuma rafin ƙauye ba ce. Tana da wani ja a ƙarƙashi wanda ido ba ya gani. Wurin da ka ga ruwan ya lafa, igiya ba ta fashewa, sau da yawa nan ne hanyar da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi, kuma nan ne wanda bai sani ba yake zaɓa don ya ga kamar ya fi aminci. Kowace Sallah samarinmu kan yi ayari zuwa bakin ruwa, galibinsu ba su iya iyo ba, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba murnar Sallah ta koma zaman makoki a zango. Na taɓa gani da idona, washegarin wata ƙaramar Sallah, masunta suka jawo wani saurayi da ƙyar, sabuwar shaddarsa na ajiye a kan rairayi, abokansa sun tsaya cirko-cirko ba mai iya komai. Allah ya yi da sauran kwanansa. Wanda bai iya ruwa ba, kar ya wuce gwiwa. Wanda ruwa ya ja, kar ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, ya bi gefe, a tsawon gaɓa, har ya fita daga bakin jan. Kafin kowa ya tuɓe riga, a tambayi masuntan wurin. In suka ce yau ba a shiga, to ba a shiga.

Sai ladabi. Garuruwan nan ba don kallonmu aka gina su ba, gidajen mutane ne da wuraren neman abincinsu. A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗaga waya a kan matar da ke bakin murhunta. In sun ce wani wuri na al'adarsu ne ba a shiga, a girmama, kamar yadda muke so baƙo ya cire takalmi a ƙofar masallacinmu. A sayi abin da suke sayarwa, kar a matse su a ciniki har a kai su ƙasa. Ledar ruwa da robar lemo kuma a dawo da su cikin jaka. Wanda ya taɓa zuwa bakin tafkin Korle ya ga abin da ke fita daga cikinsa ya san inda sharar da muke zubawa a babban kwalbatin Nima take ƙarewa: ta bi kogin Odaw, ta faɗa Korle, ta shiga teku, masunci ya ja taru ya tarar da leda ta fi kifi yawa. Ni dai tun ranar da na ga haka hannuna ya daina sakin leda a kwata.

Na san za a ce da ni, Malam, ana fama da na cefane kana maganar yawon buɗe ido. Ban raina wannan ba, rayuwa ta yi tsada. Amma mu ne muke ɗinka anko kala biyu don biki ɗaya. Mu ne muke da adashi a kowane layi, da ƙungiyar matasa a kowace majalisa, da makarantar Islamiyya a kowane lungu. Mota ɗaya in an yi shatarta mutum ashirin suka raba, abinci kuma aka dafo daga gida, kuɗin ba ya kai yadda ake tsoro. Malaman makarantunmu su sa wannan a tsarinsu ko sau ɗaya a shekara, ai lura da halittar Allah da ɗaukar darasi daga mutanen da suka shuɗe suna cikin abin da suke karantarwa. Abu ɗaya kawai nake jan kunne a kai: kar a cika motar da maza a bar mata a gida suna jiran labari. Su ne suka soya kajin da za a ci a hanya. Su ne kuma suka fi kowa daɗewa ba su ga bayan unguwa ba.

Hajiyar da na fara ba ku labarinta, watan jiya 'yan layinmu suka yi shatar mota zuwa Elmina, muka matsa mata har ta yarda ta bar wa 'yarta tukunya na wuni ɗaya. A cikin ginin ba ta ce uffan ba, sai salati da take yi ƙasa-ƙasa, ta ja gefen mayafinta ta rufe hanci da baki. Da la'asar muka gangara rairayi. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta tsaya nesa, jikokinta biyu suna janta. Igiya ta farko ta zo ta tsaya kafin ta kai gare ta. Ta biyu ta rufe mata idon sawu, ta ja rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarta, ta yi kabbara ta damƙe kafaɗar yaron. Sannan ta sunkuya ta ɗebo ruwan a tafin hannu ta ɗanɗana, ta juyo ta ce da ni, "Malam, ashe da gaske gishiri ne." Kafin mu tashi sai da ta koma wajen matan banda, ba ta jin Fante, ba su jin Hausa, suka yi cinikinsu da yatsu, ta cika kwando da kifi na shitonta. Mun yi magariba a masallacin zangon Mankessim, yara duk sun yi barci kafin mahaɗar Winneba, ita kuwa tana zaune a bakin taga da kwandonta a cinya, tana tambayar direba ko Ada ta fi nan nisa.